Dan Allah 'yan uwa, ɗan jin daɗin da nake yi a hutun ƙarshen shekara ya yi yawa ne?

Autar_Gida:

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, barkanmu da war haka. Tambaya gareni kuma dan Allah kar a min dariya, ko da yake nasan sai an yi 😂

Ni ma'aikaciya ce, banyi aure ba, shekara ta zo ƙarshe an sallame mu hutu, kuma wlh tunda aka sallame mu na koma wata iri. Alam ɗin wayata na kashe shi gaba ɗaya, in na farka da safe sai in ƙara jan bargo in juya, ba mai jin ɗuriyata sai rana ta ɗaga sosai. In na tashi kuma wanka ne da ruwa mai zafin gaske wanda sai madubi ya daina nuna fuska saboda tururi, in daɗe a ciki har a fara buga min ƙofa. Ina da cakulan da na ɓoye a can ƙasan durowa saboda ƙannena, su sun ɗauka ta ƙare tuntuni. Da daddare in haɗa shayi mai kauri ko kofi da madara, in kunna ɗan kyandir ɗina mai ƙamshi, in ɗora ƙafa kan filo in kama fim mai dogon zango, ina cewa wannan kashin ne na ƙarshe wannan ne na ƙarshe har ƙarfe uku na dare ta buga ina zaune. Sannan akwai wani turare da na shekara ina kallonsa a waya ina wucewa, da albashin watan nan ya shigo ban yi shawara da kowa ba na yi odarsa, na haɗa da jan baki guda biyu da ni kaina bansan inda zan je da su ba tunda ba fita nake ba.

To abu biyu ne ke damuna. Na farko yayata ta zo ta ganni a haka tace wai wannan son jiki ne da almubazzaranci, mace da ƙuruciyarta ta kwanta tana cin zaƙi kamar wadda ta gama aikin duniya, kuma tun da ta faɗa abin yake min yawo a rai, ko cakulan ɗin na ɗauka sai inji kamar laifi nake. Na biyu kuma shine ya fi bani mamaki, daɗin ne ya fara gudu. Ranar farko da na ɓare cakulan ɗin nan har lumshe ido nayi, yanzu ci kawai nake ina latsa waya ban ma san na cinye ba. Fim ɗin ma haka, yana yi ina duba sitatus ɗin mutane. Turaren da na ƙwallafa rai a kai in na fesa minti kaɗan na daina jinsa, har na fara zargin ko jabu aka aiko min. Ga fatata ta bushe tana ƙaiƙayi, ga ciwon kai da yamma.

Ku ya kuke yi da naku hutun? Me kuke ɗan shagwaɓa kanku da shi? Kuma meyasa abin da na shekara ina mafarki ya gundure ni tun hutun bai yi nisa ba, ko dai yayata ce da gaskiya?


Gimbiya_Ce:

Wa alaikumussalam ƙawata, kai wannan rubutun kamar ni na yi shi wlh, har maganar ɓoye cakulan 😂 ni tawa a cikin kwalin takalmi take.

Maganar yayarki ki bar ta a inda ta faɗe ta, da girmanta da komai amma a nan bata yi miki adalci ba. Wata goma sha ɗaya kina tashi da alam kina gudun kar ki makara, kina murmushin dole a ofis, ba wanda yace miki kin cika son wahala, sai yanzu da kika samu sati biyu kika miƙe ƙafa ne za a kira shi son jiki? Rai dangin goro ne, hutu yake so. Kuɗinki ne, guminki ne, ba bashi kika ci ba.

Turarenki kuma ina kyautata zaton ba jabu bane, hancinki ne. Haka hanci yake, duk ƙamshin da ya zauna masa ba sauyi sai ya daina kai rahotonsa, shiyasa in kika shiga gidan mutane kike jin ƙamshin gidan amma masu gidan basa ji. Ke kin daina ji, wanda ya wuce ta gefenki yana ji raɗau. Abin da ke ɓata lamarin shine ki ƙara fesawa ki ƙara, ki ƙarar da kwalba ki kuma hana mutane numfashi. Ki tambayi ɗaya daga ƙannenki bayan awa biyu ko uku ko yana ji, shine gwajin. Ki kuma duba jikin kwalbar, in an rubuta EDP man turaren da ke ciki ya kan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, in EDT ne tsakanin 5 da 15 ne, dama shi baya daɗewa kamar na farkon. Ni abinda nake yi in shafa mai mara ƙamshi tukun a wuyan hannu da wuya sannan in fesa, ya fi zama akan fata mai laushi fiye da busasshiya. Kuma ina da guda biyu ina musanya su, yau wannan jibi wancan, sai ya zama kullum kamar sabo.

Nawa jin daɗin kuwa ba wani tsada gareshi ba. In wanke zanin gado in shimfiɗa sabo fes, in yi wanka in sa rigar barci mai faɗi, in saka waya a caji a wani ɗakin daban, in ɗauki littafi na takarda ba na waya ba. Da in tsefe kai in wanke in zauna ina shan iska ba mai cewa yi sauri. Da dogon hira da ƙawata ta makaranta wadda duk shekara sai saƙon murya muke aikawa juna, a hutu ne kawai muke yin awa biyu a waya muna gulmar duniya. Jan bakin ma ki shafa abinki a ɗaki, wa ya kafa dokar sai za a fita?


Anti_Nas:

Ƙanwata sannu da hutu. Ni aikin jinya nake, kuma na girme ku nesa ba kusa ba, bari in ɗan tsoma baki ta ɓangaren jiki dan naga ciwon kai da ƙaiƙayin nan duk daga cikin jerin da kika lissafo suka fito.

Ki fara da kofin dare. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi ba ya fita jiki da wuri, bayan kamar awa biyar rabinsa ne kawai ya tafi, wanda kika sha ƙarfe tara na dare rabinsa na nan cikin jininki ƙarfe biyu. An yi wani gwaji a Amurka a 2013 inda aka ba mutane miligiram 400 na kafeyin awa shida kafin su kwanta, duk da haka sai da barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya. To ke kina zargin fim ne ya hana ki barci, alhali kofin ne ya riƙe miki ido, fim ɗin taya ki zama kawai yayi. Cakulan ma musamman baƙar tana da ɗan kafeyin da wani ɗan uwansa da ake kira tiyoburomin, ba yawa amma in ta haɗu da kofi tana ƙarawa. Ki dawo da kofin ya zama na hantsi, da dare ki sha madara mai ɗumi ko wani abin da ba ganyen shayi a ciki.

Barcin safe ban hana ki ba, babba na buƙatar awa 7 zuwa 9 kuma yawancinku 'yan aiki baku samu. Matsalar ita ce jan lokacin da kike yi. In kin saba kwanciya sha ɗaya kika koma uku, kin matsar da agogon jikinki da awa huɗu, daidai da wadda ta hau jirgi ta tsallaka ƙasashe alhali kina kan gadonki. Wani masanin barci a Jamus, Till Roenneberg, shi da abokan aikinsa sun yi rubutu kan wannan tun 2006. Ciwon kan yamma da kasalar nan daga nan suke zuwa, kuma ranar komawa aiki ne zaki gane kurenki. Ki ƙara awa ɗaya ko ɗaya da rabi akan lokacin tashinki na da, in barci ya taso da rana ki yi na minti ashirin zuwa talatin, ki buɗe labule da zarar kin tashi haske ya shiga idonki. Kwana uku kafin hutu ya ƙare ki fara dawowa a hankali.

Wankan kuma, nasan daɗinsa wlh nima ina so, amma ruwa mai zafi sosai yana wanke maiƙon da fata ke kare kanta da shi, in aka haɗa da sabulu mai ƙarfi da iskar sanyi mai bushewa sai ƙaiƙayi. Likitocin fata cewa suke minti biyar zuwa goma, ruwa mai ɗumi ba mai ƙuna ba, in kin fito ki ɗan dadanna tawul kar ki goge ƙarƙaf, ki shafa mai tun jikin da sauran danshi. Ba sai mai tsada ba, wanda ke da gilisirin ya jawo ruwa, basilin kuma ya rufe kar ya tsere. In kuma dole sai kin yi mai zafin, to ki mai da shi na dare. Masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin sun tattara gwaje-gwaje a 2019 suka ga wanka da ruwa mai digiri 40 zuwa 42 da rabi, awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, yana sa barci ya zo da wuri da kamar minti goma, saboda jini na kwararowa tafin hannu da ƙafa sai zafin cikin jiki ya sauka, shi kuma barci saukar zafin nan yake jira. Kinga kin sha daɗinki kin kuma ci riba.

Zaƙi kuma kar ki tada hankalinki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 tace sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin (kalori) da mutum ke samu daga abinci a yini, in an iya a sauko zuwa 5, wato kamar giram 25, cokalin shayi shida. Lemon gwangwani ɗaya ya wuce haka. Ni a ganina gara ki ci cakulan ɗinki mai kyau ki bar lemon, ki rage cokalin da kike zubawa a shayi. Ƙibar hutu da ake ta tsoratar da mu ma an auna ta, a 2000 an bi mutum 195 a Amurka aka ga abinda suka ƙara a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara bai kai rabin kilo ba. Illar kawai ita ce yawanci baya sauka bayan hutun, sai ya taru shekara bayan shekara. Dan haka ki ɗan taka ƙafa da yamma.

Kyandir kuma dan girman Allah kar barci ya ɗauke ki yana ci, ki nesanta shi da labule.


Malam_Lissafi:

A gafarce ni na shigo zauren mata ba sallama 😅 amma wannan jan baki biyu da ba inda za a je da su ne ya tsayar da ni.

Ƙanwata ba ke kaɗai bace, 'yan kasuwa sun san ku sarai. Leonard Lauder, wanda a lokacin shine shugaban kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder, a 2001 yace ya lura in tattalin arziki ya matse cinikin jan baki sai ya tashi, wai mace in ta kasa sayen babban abu sai ta huce akan ƙarami. Masana tattalin arziki basu gama yarda da shi ba, a 2020 ma da kowa ya rufe baki da takunkumi cinikin faɗuwa yayi, amma dai akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kuma duk rangwamen ƙarshen shekaran nan da kuke gani, da agogon da ke ƙirga saura awa kaza, da saura guda uku kacal, duk an tsara su ne dan kar ki samu lokacin tunani.

Ni shawarata ɗaya ce. Watan Janairu dogo ne, wanda aka biya albashi da wuri a Disamba ya san me nake nufi. Ki ware abinda zaki kashe na jin daɗi tun ranar da kuɗi ya shigo, ki tura shi wani asusun daban, in ya ƙare ya ƙare. Duk abinda kika gani a waya ya burge ki ki saka a kwando ki kwana biyu, in har yana ranki ki saya. Yayarki bata yi ƙarya duka ba fa.


Gimbiya_Ce:

Malam sannu da ƙoƙari, dabarar kwandon nan na karɓa dan nima tana min aiki. Amma turaren da tace ta SHEKARA tana kallo fa? Kwana biyu kace, ita ta yi wata goma sha biyu, ai ta wuce jarabawarka da maki mai yawa. Kuma ku da kuke canza waya duk shekara kuna biyan kuɗin kallon ƙwallo wata-wata ba mai kiran taro akanku, sai jan baki biyu ne zai rusa tattalin arziki 🙄


Yar_Nazari:

Autar gida tambayarki ta biyu ce ta ja ni, dan ɓangaren halayyar ɗan adam na karanta kuma wannan abin da kika bayyana yana cikin abubuwan da aka fi bincika.

Ba ke bace kika lalace kuma ba cakulan ɗin bace ta canza. Ƙwaƙwalwa bambanci take aunawa, ba yawa ba. Ranar farko kin fito daga wata da watanni na gajiya, tazarar da ke tsakanin jiya da yau babba ce shiyasa kika lumshe ido. Zuwa rana ta biyar jiya cakulan yau cakulan, jiya barci har hantsi yau ma haka, babu tazara, to me zata ji? Abinda Gimbiya ta faɗa akan hanci shine dai yake faruwa da harshe da ido da zuciya gaba ɗaya. Tun 1971 wasu masana biyu, Brickman da Campbell, suka rubuta cewa mutum na komawa matakin jin daɗinsa na da komai abin da ya samu, daga baya a 1978 Brickman da abokansa suka tambayi waɗanda suka ci maƙudan kuɗi a caca suka tarar basu fi sauran mutane farin ciki da wani abin kirki ba, kuma ƙananan abubuwan yau da kullum sun rage yi musu daɗi.

Akwai ma gwajin da aka yi da cakulan ɗin kanta, Jordi Quoidbach da Elizabeth Dunn, an buga shi a 2013. Aka ba ɗalibai cakulan suka ci, sannan aka raba su, wasu akace kar su ƙara taɓa ta har sati guda, wasu aka basu kusan kilo ɗaya akace su ci iya cinsu, wasu ba a ce musu komai ba. Bayan sati aka dawo da kowa aka sake basu. Waɗanda suka yi sati basu ci ba sune suka fi jin daɗinta kuma suka fi tsayawa su ɗanɗana, masu kilo guda kuwa ta ginshe su. Ke yanzu kina rukunin masu kilo ne 😂

Fim ma haka. Leif Nelson da Tom Meyvis da Jeff Galak sun gwada a 2009, suka ga mutanen da talla ta katse musu shiri sun fi jin daɗin shirin akan waɗanda suka kalla a miƙe, duk da kowa na rantsuwa ya tsani talla. Katsewar ce ke sabunta abin. Manhajojin kallo kuma an gina su ne kashi na gaba ya fara da kansa cikin 'yan daƙiƙu tun baki yanke shawara ba, ki shiga saitin ki kashe wannan, a Netflix da YouTube duk ana iya kashewa. Kashi biyu ki rufe, ki kwana kina tunanin me zai faru, wannan ɗokin ma rabin daɗin ne.

Sai abu na biyu da ke cinye miki daɗi, haɗa su da kike yi. Cakulan a baki, fim a gaba, waya a hannu, kyandir a gefe, hankali ɗaya ne dake kuma kin raba shi huɗu. Kince kina cinyewa baki sani ba, to ai kuɗin ne ya tafi a banza. Ki ɓallo ƙwaya biyu ki mayar da sauran durowa, ki ajiye waya, ki bar ta ta narke a baki. Minti uku ne amma sun fi rabin kwali a gaban fim.

Maganar laifin da kike ji kuma shima yana rage ɗanɗano, dan kina ci kina shari'a da kanki. Ni ban ga laifi ba a abinda kika lissafa. Inda zan ce ki lura shine in ya zama ba daɗi kike nema ba ɓuya kike, wato baki son ganin kowa, abinda da yake faranta miki duk ya daina, barci ya yi yawa ko ya ƙi zuwa, kuma abin ya wuce sati biyu har bayan hutu. Wannan ba gundura bace, a nan sai a ga likita. Amma daga yadda kike ba da labari da raha banga alamar haka ba.


Maman_Biyu:

Hmm ina karantawa ina dariya ina kuma jin wani abu. Autar gida ki godewa Allah ki ci lokacinki wlh. Ni hutun ƙarshen shekara shine lokacin da aikina ke ninkuwa, yara na gida, baƙi na zuwa, wanke-wanke baya ƙarewa, kowa hutu yake sai ni. Jin daɗina gaba ɗaya shine minti ashirin ɗin da ke tsakanin barcin yara da nawa, in zauna a kicin ni kaɗai da kofin shayi yana da zafinsa, dan da rana duk wanda na haɗa sai ya huce kafin in samu zama. Kuma ki yarda dani wannan kofin ya fi min daɗi akan duk abinda nake ci lokacin ina budurwa da lokaci ya min yawa, to kinga maganar Yar Nazari ta fito.

Amma ina so in ɗan kare yayarki, ba dan tana da gaskiya akan almubazzaranci ba. Wani lokacin in babbar ya tace kin cika son jiki, abinda take nufi shine na zo gida ban ganki ba, kina ɗaki kin rufe ƙofa. Bamu iya faɗar irin wannan kai tsaye ba sai mu juya shi ya zama faɗa. Wataƙila ita ma a gajiye take ta ga kina abinda ta daɗe bata samu ba. Ki gwada wani dare ki kira ta ɗakin, ki fito da cakulan ɗin, ki fesa mata turaren, ki bata ɗaya daga jan bakin tunda biyu ne, ki gani ko zata ƙara maganar. Ƙannen naki ma ki ɗan ɓallo musu haba, hutu ne fa, kina ci a ɓoye suna zaton ta ƙare 😂 ni da nice su da tuni na gano durowar.

Kuma in akwai wata a gidan da ita ce ke tsaye kan girki da shara duk hutun nan, mama ce ko wa, ki karɓe ta na yini ɗaya ki ce ta je ta kwanta. In kin gama kika shiga wankan nan naki da gajiya a jiki zaki ji bambancinsa da wanda kike yi daga tashi barci.


Autar_Gida:

Kai jama'a nagode sosai wlh, ban zaci zan samu amsoshi haka ba. Anti Nas kofin dare ya tashi daga yau, dama ina mamakin yadda nake jin gajiya amma ido ƙyam. Na tambayi ƙanina kamar yadda Gimbiya tace, yace wai tun daga bakin ƙofa ake jin turaren har ya kama labulen falo, ni kuma ina nan ina shirin rubutawa masu shagon saƙon masifa 🙈 Yar Nazari sati guda ba cakulan kam bazan ɗau alkawari ba, amma zan gwada kwana uku. Malam Lissafi na ji, kwandona yanzu haka akwai abu biyar a ciki zasu kwana. Maman Biyu maganarki ta taɓa ni, yayar tawa jibi zata dawo, jan bakin ɗaya dama ya fi dacewa da kalarta.

Tambaya ta ƙarshe, turaren a bandaki nake ajiye shi kusa da madubi dan ya fi min sauƙi, akwai matsala?


Gimbiya_Ce:

Innalillahi, a bandakin da kike cika shi da tururi har madubi ya rufe?? Ɗauke shi yanzun nan. Zafi da haske da canjin yanayi ne ke kashe turare, sai kiga ruwan ya yi duhu ƙamshin saman ya juya ya koma tsami-tsami. Ki mayar da shi cikin kwalinsa ki sa a durowa ko cikin wadirob inda rana bata kaiwa, ki dinga rufe murfin da kyau. Kar dai ki haɗa su durowa ɗaya da cakulan, tana jan ƙamshin duk abinda ke kusa da ita, kuma yanzu da ƙaninki ya fara bin ƙamshi da hanci kinsan inda zai ƙare.